Sarkin Kano Aliyu Babba (Alu Maisango): Daga Takai Zuwa Lokoja

A taron reshenmu na Kaduna da aka yi a Makera bayan Babbar Salla, wani matashi cikin 'ya'yanmu ya miƙe ya yi tambayar da ta sa dattawa kallon juna. Ya je gida hutu, an kai shi ƙofar Gidan Sarki na Takai, an gaya masa cewa a nan aka ɗaura sirdin yaƙin Basasa. Da ya nemi sanin wa ya yaƙi wa, kuma a kan me, sai kowa ya ba shi nasa labarin, wani sa'ansa ma ya ɗauka yaƙin Biyafara ake nufi. Yaron nan a Kakuri aka haife shi, a Barnawa ya yi makaranta, kuma irinsa su suka fi yawa cikin 'ya'yanmu na Kaduna da Legas da Abuja. Daga tambayarsa aka kawo shawarar ƙungiya ta nemi izinin iyayen ƙasa ta kafa allon tarihi a garinmu. Mu kuma, da yake mun sha ƙurar alli shekara 35, sai aka ɗora mana rubuta tarihin mutumin da ya sauka Takai a ƙarshen 1893 cikin 'yan'uwansa masu fushi, bai cika shekara ba ya shiga birnin Kano yana Sarki.

Sunansa Aliyu, ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, ɗan Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda daga kansa ne sarautar Kano ta zauna a gidan Sulluɓawa a 1819. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, shi kuwa ɗan Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Sunan kakan nasa ya ci har da laƙabin Babba, amma Kanawa suka gajarta suka ce Alu. Mai karatu ya riƙe wannan nasaba ta wajen uwa, domin ita ce za ta ɗaga shi sama da yayyensa ranar da aka rasa shugaba. Ya tashi a zamanin mahaifinsa, wanda ya hau gado a 1855, kuma cikin 'ya'yan gidan, masu yawan gaske, shi aka fi sani da littafi. Ya yi nisa a fiƙihu da tasawwufi, har ya bar wani littafi na Larabci mai suna Raddul Jahla. Masana tarihin Kano kan sa shi a sahun gaba idan ana lissafin sarakunan da suka fi ilimi.

Garinmu ya shigo labarin tun kafin Alu ya zama wani. A zamanin Sarki Abdullahi, babbar fitinar Kano daga kudu maso gabas take zuwa, wato daga duwatsun Ningi, inda mahara kan sauko su ƙone ƙauyuka su kwashi mutane da dabbobi. Takai, mai nisan kimanin kilomita 80 daga birni, ta zama ribaɗi a kan wannan hanya. Sarki yana da gida a cikinta, yana da bayi da rumbuna da turakun dawaki, kuma 'ya'yansa sun saba da ita kamar yadda yaro ke sabawa da gidan kakarsa. Babba a cikinsu wajen yaƙi shi ne Yusufu, wanda ya riƙe sarautar Galadima har mahaifin nasa ya tuɓe shi saboda zargin yana hanƙoron gado tun mai shi yana raye. Sarki Abdullahi ya rasu a Karofi a 1882, Sakkwato ta naɗa ƙanensa Muhammadu Bello.

Sarki Bello mutum ne mai ibada, ba a musun wannan. Amma ya ƙudura a ransa ɗansa Tukur ne zai gaje shi, saboda haka ya shiga share masa hanya. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa tuɓe 'ya'yan wansa daga sarautu, yana sauya hakimai da dagatai da manyan bayin fada da suka yi wa Abdullahi hidima, ya kuma naɗa Tukur Galadima. Shekara 11 ana wannan aiki. Kowane tuɓaɓɓe yana da barori da dawaki da surukai, kuma duk wanda aka raba da rawani ya san ƙofar gidan Yusufu. Sarki Bello, ba tare da ya nufa ba, shi ya tara wa ɗan wansa runduna.

Tukur kansa ba rago ba ne, kuma ya kamata mu faɗi haka da babbar murya a mujallar mutanen Takai, inda aka saba jin gefe ɗaya. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya kai wa Argungu yaƙi, Kabawa suka karya rundunarsa mummunar karya. A wannan rana dawakin Kano ƙarƙashin Galadima Tukur suna cikin 'yan kaɗan da suka tsaya, Sarkin Musulmi kuma bai manta ba. Da Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana cikin Kano, ya ga inda zukatan jama'a suka karkata, ya ba da shawarar a naɗa Yusufu. Abdurrahman ya ƙi. Waziri ya bi umarni ya naɗa Tukur, kuma mutanen da suka zo mubaya'a ba su taka kara sun karya ba.

Ba a daɗe ba 'ya'yan Abdullahi suka hau, suka fita ta Ƙofar Nasarawa, suka haye kogin Wudil, suka sauka Takai. A nan suka yi wa Yusufu mubaya'a, shi kuma ya raba sarautu kamar yana zaune a Gidan Rumfa, ya ba Alu Waziri. Tun daga ranar ƙasar Kano ta rabu biyu, Yusufawa da Tukurawa. Ya kamata mu tsaya mu yi tunanin halin da kakanninmu suka shiga a wannan rani. Ba wanda ya shawarci manomin Takai kafin a sauke masa dubban baƙi da dawakinsu. Ingarma ɗaya yana cin dawar da za ta ciyar da gida, ga harawa, ga ruwa a lokacin da rijiyoyi ke ja da baya. Maƙera sun kwana a bakin wuta suna ƙera mashi da linzami da likkafa, dukawa suna gyaran sirdi, maɗinka suna cusa auduga a lifidi. Dagacin da aka aiko wa takardar Yusufu da safe, da yamma ta Tukur za ta iske shi, kuma kowace amsa ya bayar akwai wanda zai zo ya ƙone masa gari. Yusufawa sun sami ɗauki daga Gumel, garuruwa da dama na gabas suka bi su da lalama, Gaya kuwa ta tsaya wa Tukur sai da aka ci ta da yaƙi.

'Ya'yanmu na birni sun san doki ne a hawan Salla, yana rangaji cikin ado, saboda haka bari mu ɗan bayyana yadda yake a fagen daga. Idan an ja daga, 'yan baka da 'yan bindiga da sauran dakaru su ke buɗe faɗa. Barade, masu sulke da garkuwa da takobi da mashi, suna jira a gefe har sahun abokan gaba ya fara rawa, sa'an nan a sake su da sukuwa. 'Yan lifidi, waɗanda aka lulluɓe su da dawakinsu da rigar auduga mai kauri don kibiya ta maƙale, su ne katangar Sarki. Nauyinsu ba ya barin su gudu mai nisa, zafin rana yana gajiyar da su, kibiyar wuta kuma ita ce ajalinsu. Doki ba ya hawa ganuwa. Garin da ya rufe ƙofa, ya zagaye kansa da gwalalo da sarƙaƙiya, sai dakaru sun fasa shi kafin mahayi ya sami aiki. Ranar barade ita ce ranar da abokin gaba ya fito fili, ko ya juya baya. Abin da ya sa Basasa ta fi sauran yaƙe-yaƙe ɗaci shi ne, sahun nan biyu malami ɗaya ya koya musu hawa. Tambarinsu iri ɗaya ne, sun san dabarun juna, mutum yana iya gane dokin ɗan baffansa tun daga nesa kafin ya ga fuskarsa.

Harin farko da Yusufawa suka kai wa birni bai yi kyau ba. An kore su, an kama da yawa daga cikinsu, kuma Tukur bai yi sassauci ga kamammun ba. Wannan tsanani ya ƙara masa maƙiya a cikin ganuwa fiye da waɗanda ya rage a wajenta. Suna shirin komawa karo na biyu, a tsakiyar 1894, ciwo ya kwantar da Yusufu a Garko, bai tashi ba. A nan ne tawayen ya kusa watsewa, domin akwai yayyen Alu a sansanin, irin su Abbas da Shehu, kowanne yana da hujjar neman shugabanci. Manyan bayin gidan Abdullahi, waɗanda su ke riƙe da bindigogi, suka tsaya a kan wasiyyar Yusufu cewa Alu ne magaji. Lissafin a fili yake: jikan Sarkin Musulmi ne, zai yi wa Sakkwato wuya ta tara musulmi su yaƙi jininta. Yayyen suka sunkuya suka yi wa ƙanensu mubaya'a. Mun daɗe muna ganin wannan sunkuyawa ta fi kowace sukuwa da aka yi a yaƙin nan amfani ga Yusufawa.

A watan Safar na 1312, wato Agustan 1894, Alu ya fasa birni ya shiga. Tukur ya fita da jama'arsa ya yi arewa maso yamma, ya sauka Kamri a ƙasar Katsina, yana jiran rundunar da Sarkin Musulmi ya umarci sarakuna su tara masa. Sarakunan suka yi ta jan ƙafa, kowa da uzurinsa. Alu bai jira ba. Ya bi shi har can, ya tashe shi daga Kamri, aka yi karon ƙarshe a Tafashiya, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Kankiya ta Jihar Katsina, a watan Maris na 1895. Faɗan dawaki ne a fili, irin wanda muka bayyana. A nan Barde Abdu Nagwangwazo ya cim ma Sarki Tukur ya soke shi, raunin kuma ya zama ajalinsa. Kakansu ɗaya da Alu. Daga baya Sakkwato ta haɗiye fushinta ta amince da abin da takobi ya riga ya yanke.

Littattafan makaranta kan tsaya a nan, kamar an tashi wasa. Amma an ƙwace gidaje da gonakin Tukurawa an raba wa waɗanda suka yi nasara. Waɗanda suka tsira sun watsu a Katsina da Sakkwato da Damagaram, wasu ba su sake ganin Dala ba sai bayan zuwan Turawa. Mafi muni, an kama 'ya'ya, musulmi, talakawan da laifinsu kawai shi ne dagacinsu ya amsa takardar da ba ita ba, an sayar da su a kasuwa kamar ganimar arna. Ɓangarorin biyu duk sun yi haka. Akwai gidaje a ƙasarmu da har yau in an bi salsalarsu za a iske wata kaka da Basasa ta kawo, ba a kuma son a tambaya.

Kakanninmu suna da tasu hanyar sa wa wuri alama, a kan harshe suke kafa ta. Sun ce Usmanu Maje Ringim, Abdullahi Maje Karofi, Yusufu Maje Garko, Abbas Maje Nasarawa, sai sunan mutum ya riƙe sunan garin da ya cika a cikinsa. Makaɗan fada da 'yan kira suna riƙe da sauran. Wannan hanya ta yi aiki muddin yaro yana kwana a ɗakin kakarsa. Yaron da ya tashi a gidan haya a Kakuri, ubansa yana aikin dare a masaƙa, bai sami wannan ɗaki ba. Wani ɗanmu da ke karatu a Amurka ya taɓa aiko mana hotunan Getisbag, inda aka yi babban karo na yaƙin basasar ƙasar daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863. Alamomi da gumaka da alluna fiye da 1,300 ne a filin. Mil 3 gabas da garin akwai gonakin da dawakin ɓangarorin biyu suka gwabza a rana ta uku, an kafa dogon dutse a wurin tun 1884. Gumakan ba su dame mu ba, ba al'adarmu ba ce. Abin da ya ja hankalinmu shi ne allunan ƙarfe da gwamnati ta kafa wa kowace runduna, ta masu nasara da ta waɗanda aka ci: sunan rundunar, wanda ya jagorance ta, inda ta tsaya, lokacin da ta motsa, adadin da ta rasa. Babu yabo, babu zagi. Su ma ba su kai ga haka da wuri ba, don sai a 1917, bayan shekara 54, jihar Bajiniya ta 'yan tawaye ta kafa nata abin tunawa a filin. Mu da muka je Tafashiya shekarun baya, gero muka gani da kuka, sai wani dattijo da ya nuna mana wajen da hannu.

Alu ya yi shekara 9 a kan gado, kusan dukkansu a kan sirdi. Ya naɗa wansa Ahmadu Waziri, ya fifita wannan sarauta a kan sauran, ya cika fada da waɗanda suka sha wuya tare da shi a Takai. Darasin da ya ɗauka daga Basasa shi ne bindiga ta fara rinjayar mashi, saboda haka ya ƙarfafa bayinsa 'yan bindiga, ya ƙirƙiro musu sababbin sarautu, ya sa Shatima Shekarau a kan makamin nan da ake kira sango, wanda daga gare shi laƙabin Maisango ya fito. Ya gyara ganuwoyi, ya ci gaba da fafatawa da Ningi. Babban abokin karonsa shi ne Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, mai igwa da bindigogin da ake kawowa ta hamada. A 1898 Damagarawa suka shigo har Gezawa suka yi wa Kanawa ɓarna mai yawa. Abin da ya raba wannan gaba ba Kano ba ce: Faransawa ne suka ci Damagaram a 1899 suka kashe Amadu. A gabas ma sun kashe Rabe a 1900. Mai ilimi irin Alu ba zai kasa karanta abin da ke tafe ba.

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, wakilin Ingila, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa, ya hau tare da shi a bainar jama'a. Gwamna Lugga, wanda dama yana neman dalili, ya samu. A cikin watan nan ne kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu aka naɗa Attahiru. Alu, wanda bai taɓa samun jituwa ta gaskiya da marigayin ba, ya ga lokaci ya yi da zai je Sakkwato ya yi mubaya'a. Ya fita a farkon Janairun 1903 da dawaki wajen 2,000, wato ƙarfin Kano gaba ɗaya, ya bar birni a hannun Sarkin Shanu da 'yan bayi. A ƙarshen watan Kanar Molan ya taso daga Zariya da soja 700 da ɗoriya, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Ya fasa Bebeji a hanya. Ranar 3 ga Fabrairu ya fasa Kano ta ɓangaren Dukawuya da Kabuga, Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan ubangijinsa.

Labari ya iske Alu a ƙasar Zamfara yana kan hanyar dawowa. A Birnin Goga, cikin dare, ya bar sansani da 'yan mutane kaɗan ya yi arewa. Gari ya waye runduna ba Sarki. Jama'a ta rabu: Wambai Abbas ya ɗebi waɗanda suka zaɓi komawa gida a yi sulhu, Waziri Ahmadu ya ɗebi waɗanda suka ce sai an gwada. A ƙarshen Fabrairu, a yankin Kwatarkwashi kusa da Gusau, mutanen Waziri suka yi karo da wata 'yar ƙungiyar sojan doki ta Turawa ƙarƙashin Laftana Rait. Bisa lissafin Turawan, hafsa ɗaya ne tare da shi da soja 44, Kanawa kuwa doki 1,000 da dakaru 2,000. Sojan suka sauka suka yi sahu mai kusurwa huɗu, barade suka yi ta kawo sukuwa sa'a biyu cur, harsashi yana zubar da su kafin mashi ya kai. Waziri Ahmadu ya faɗi a wannan yaƙi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Sarkin Ingila ya ba Rait lambar jarumta mafi girma ta ƙasarsu, sunansa yana rubuce a littattafansu da ranar da wurin. Mahayan da suka tunkari wuta da ƙirjin doki, da yawansu waɗanda suka yi Takai da Tafashiya ne, sunan Waziri kaɗai ya rage a bakin mutane. Daga wannan shekara dokin Kano ya koma na hawan Salla.

An daɗe ana gardama a kan daren Birnin Goga. Masu kare Alu suna cewa hijira ya nufa zuwa gabas, kamar yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi bayan an ci Sakkwato a watan Maris, har ya yi shahada a Burmi a Yulin shekarar. Malami ne, ya san hukuncin zama ƙarƙashin wanda ya fi ƙarfinka, ya kuma san abin da igwa ta yi wa Bida da Kontagora da Yola. Masu suka suna cewa tsoro ne. Mu a namu ganin, hujjar hijira tana da ƙarfi, amma Attahiru da rana ya fita, da tuta, duk mai so ya bi shi. Shugaban makaranta ma, in zai bar aiki, yakan tara malamai ya miƙa mabuɗi. Mutanen da suka bar gidajensu suka bi Alu zuwa Takai, suka sunkuya masa a Garko alhali sun girme shi, sun cancanci ya sallame su da bakinsa. Wannan ba ya share ilminsa ko jarumtarsa ta shekara tara, kuma wanda bai taɓa jin ƙarar igwa ba ya yi hattara da saurin hukunci.

Wannan ne ya kawo mu ga maganar allo, wadda ta fi yadda aka ɗauke ta a taron Makera nauyi. Wasu 'yan'uwa sun so a rubuta cewa daga Takai gaskiya ta tashi ta kori zalunci. Muna roƙon a yi haƙuri da wannan lafazi. Jikokin Tukurawa suna nan, muna auratayya da su, wasunsu ma suna biyan kuɗin ƙungiyar nan. Mu mazauna kudancin kogin Kaduna ba sai an ba mu labarin faɗan maƙwabta ba. Mun ga Fabrairu da Mayu na 2000, mun ga Nuwamban 2002, mun ga yadda mutanen da suka yi shekara 30 suna aiki a inji ɗaya a masaƙun Kakuri suka kwashe kaya, waɗansu suka haye gada zuwa Tudun Wada da Rigasa, waɗansu suka hayo nan, kogi ya zama iyaka. Mun san yadda kalma ɗaya ke tayar da abin da aka binne. Shawararmu ita ce a rubuta abin da ya faru kawai, da Hausar boko da ajami da Turanci: cewa a nan 'ya'yan Sarki Abdullahi suka sauka a 1893, suka yi wa Yusufu mubaya'a, cewa yaƙin ya ƙare a Tafashiya a 1895 da rasuwar Sarkin Kano Muhammadu Tukur, a kira shi da sarautarsa, cewa talakawa da yawa na ɓangarorin biyu sun rasa rayuka da 'yanci. In Allah ya hore, a tuntuɓi mutanen Garko da na Tafashiya da na Kwatarkwashi, ko za su yi nasu da lafazi irin wannan. A tsallaken kogin nan, a lambun Gamji, akwai 'yar gadar ƙafa ta Lugga da aka ciro daga Zungeru a 1954, aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, ana kai 'yan makaranta su gan ta. Mu ma mun sha kai namu.

Alu bai yi nisa ba bayan Birnin Goga. An gane shi a ƙasar Gobir cikin shigar fatake, aka kama shi aka miƙa wa Turawa. Lugga ya naɗa Abbas, wan nan nasa da ya sunkuya masa a Garko, Sarkin Kano a 1903, kuma daga zuriyarsa sarakunan Kano na baya-bayan nan suka fito. Shi kuwa Alu aka kai shi Yola, daga baya aka mayar da shi Lokoja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, garin da Turawa suka mayar masaukin sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Zazzau Kwasau a can ya ƙare, haka Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Alu ya yi shekara 23 a tsare, fiye da ninki biyu na zamanin sarautarsa, cikin zafi da damshin bakin kogi, ba doki ba tambari, sai littattafansa da 'yan ɗaliban da ke zuwa ɗaukar karatu. Yana can Abbas ya rasu a 1919. Shi ma ya cika a 1926, shekarar da Abdullahi Bayero ya hau gadon Kano. Kabarinsa yana unguwar Kabawa a Lokoja, ba nisa da hanyar da motocinmu ke bi in za mu kudu, ga wanda zai iya tsayawa ya yi ziyara. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Tukur da Yusufu da Ahmadu, da waɗanda suka faɗi a bayansu ba a riƙe sunayensu ba.